Likita Mila na Zariya (1872–1952): Rayuwarsa da Riƙonsa ga Aƙida

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya nazarci tarihin rubutun boko a ƙasar Hausa zai ci karo da sunan Walter Miller, wanda Zazzagawa suke kira Likita Mila. Bature ne ɗan mishan wanda ya shafe fiye da shekara hamsin yana hulɗa da Hausawa. A wannan darasi za a dubi rayuwarsa ta fuskar yadda ya riƙe addininsa na Kirista a tsakanin masu iko da ra'ayinsu ya saɓa wa nasa, da kuma abin da riƙon ya haifar wa harshen Hausa.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Mila a shekarar 1872 a yankin Devon na ƙasar Ingila. Ya yi karatun likita a Asibitin St Bartholomew da ke Landan. Aikin likita a wancan zamani hanya ce ta samun dukiya da daraja, amma sai ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta Cocin Angalika, wato CMS. A ƙarshen shekarun 1890 ya tafi Tarabulus, inda fatake da alhazai Hausawa suke yada zango, ya fara koyon Hausa daga bakinsu.

3.0 Zuwansa Kano da Zamansa a Zariya

A shekarar 1900 Mila ya biyo ayarin 'yan mishan ƙarƙashin jagorancin Bishop Tugwell, suka iso Kano a zamanin Sarki Aliyu Babba, tun Turawa ba su ci birnin ba. Sarki bai amince da zamansu ba, ya umarce su da su fita cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu, shi ma Mila ciwo ya tilasta masa komawa gida. Da ya warke sai ya dawo. A 1905 ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta, a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, shahararren marubucin waƙoƙi.

4.0 Saɓaninsa da Masu Iko

Mai karatu zai iya zaton gwamnatin mulkin mallaka ta mara wa Mila baya, tunda Bature ne ɗan'uwansu. Ba haka abin ya kasance ba. A 1903 Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin jama'a ba, kuma tsarin mulki ta hannun sarakuna yana bukatar yardar sarakunan. Saboda haka gwamnonin da suka biyo baya suka taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, wasu jami'ai kuma suka ɗauki Mila a matsayin ƙaya a ƙafa.

Shi kuwa bai sassauta ba. Ya riƙa rubuta koke a kan zaluncin da yake ganin ana yi wa talakawa wajen haraji da shari'a, yana zargin Turawa da kawar da kai domin kare mulkinsu. Masana tarihi suna lissafa koke-kokensa cikin dalilan da suka kai ga tuɓe Aliyu Ɗan Sidi a 1920. Dole a faɗi cewa harshensa yana da kaifi, kuma sau da yawa hukuncinsa a kan sarakuna da addinin Musulunci ya yi tsauri. Malamai da iyayen da suka guje wa makarantarsa su ma aƙidarsu suke karewa, kamar yadda yake kare tasa.

5.0 Isawa da Jarrabawar Gimi

Waɗanda suka karɓi addinin Kirista a hannunsa cikin birnin Zariya ba su da yawa. A 1913 ya haɗu da zuriyar Isawa, mabiyan wani malamin Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda aka kashe a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a cikin koyarwarsa. Wasu daga cikinsu suka zama Kirista, aka kafa musu mazauni a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya auka wa garin, ya kashe mutane da dama, sauran suka watse. Mila bai ɗauki wannan a matsayin dalilin ajiye aiki ba. Ya ci gaba da koyar da 'ya'yan waɗanda suka tsira.

6.0 Gudummawarsa ga Harshen Hausa

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwar Zariya zuwa Wusasa. Mila ya koma Kano, ya duƙufa a kan fassara. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da shi ne jigonsa, tare da taimakon wasu 'yan mishan da Hausawa. An yi kusan shekara hamsin ana amfani da wannan fassara kafin a yi sabuwa, kuma tana cikin manyan ayyukan farko na zube a rubutun boko. Tun a 1901 ya wallafa Hausa Notes domin masu koyon harshen. A 1947 ya fitar da Have We Failed in Nigeria? inda ya tuhumi mulkin 'yan ƙasarsa.

Al'ummar da ta tsiro daga aikinsa ta haifar da fitattun mutane. Akwai Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Akwai John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da R.M. East. Akwai kuma Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

7.0 Kammalawa

Mila bai ƙare rayuwarsa a Ingila ba. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952. Burinsa na ganin Hausawa da yawa sun karɓi addininsa bai cika ba, amma bai sauya aƙida don neman yardar gwamna ko ta sarki ba. Malamin gobe zai sami Musulmi da Kirista a aji guda. Wajibi ne ya iya gabatar da irin wannan tarihi da adalci, ya nuna ƙwazon mutum da kurakuransa ba tare da ya taɓa mutuncin addinin kowane ɗalibi ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a masarautun Arewa?
2. Su wane ne Isawa, kuma me ya faru a Gimi?
3. Bayyana gudummawar Likita Mila ga rubutun Hausa na boko.