Eduard Vogel, Saurayin da Ya Auna Sama da Ƙasa a Arewa

Ba kowane Baturen da ya shigo ƙasarmu a dā ne ɗan mishan ba. Eduard Vogel bai zo da wa'azi ba, kayan awo ya zo da su.

An haife shi a Krefeld, ƙasar Jamus, a 1829. Ya karanci ilimin taurari, ya yi aiki a wani ɗakin duban taurari a Landan. A 1853 gwamnatin Ingila ta aike shi ya tarar da Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Shi kuma aka sa masa Abdulwahid. Ya isa Kukawa ta Borno a farkon 1854.

Cikin abubuwan da yake aunawa har da halin allurar kamfas. Mutane suna tsammani allurar tana nuna arewa sak. Ba haka ba ne. Duniya kanta kamar babban maganaɗisu Allah ya yi ta, kuma arewar maganaɗisun dabam take da arewar taswira. Saboda haka allura takan kauce gabas ko yamma, kaucewar kuma tana sauyawa daga gari zuwa gari, daga shekara zuwa shekara. Matafiyin da bai lissafta wannan ba sai ya ɓata, alhali kamfas yana hannunsa. Haka kuma in aka rataye allurar yadda za ta iya sunkuyawa, a Landan na zamanin Vogel bakinta yakan sunkuya ƙasa kusan digiri 70. Mu nan wajen Kiru, Tudun Wada da Doguwa, yau kusan a kwance take, domin layin da sunkuyon yake ɓacewa ya ratsa kusa da mu.

A 1855 ya je Bauchi, ya kai Kogin Binuwai, ya shiga Zariya, har ya taka Bebeji.

Ni a ganina, rauninsa shi ne ya fi sanin taurari da mutane. Barth ya ƙware a Larabci, ya ji Hausa, ya koma gida lafiya. Vogel bai ba harshe irin wannan lokaci ba. Ya nufi Wadai, a ƙasar Chadi ta yau, inda ake zargin baƙon da ke yawan leƙe-leƙe da rubuce-rubuce. A can Wara aka kashe shi a farkon 1856, yana da shekara 26. Iyalinsa sun yi shekaru suna jiran tabbacin mutuwarsa. Dutsen Dimlang da ke tsaunukan Shebshi, har yau wasu taswirori da sunansa suke kiransa.