Otto Jespersen, baƙon da ya zama malamin Ingilishi

Yau labarinmu na wani ɗan ƙasar Danmak ne, Otto Jespersen, wanda aka haifa a garin Randers a 1860. Ingilishi ba harshen uwarsa ba ne, amma su kansu Turawan Ingila littattafansa suke buɗawa in nahawunsu ya shige musu duhu.

Maraya ya tashi. Ya fara karatun shari'a a jami'ar Kopenhagen, yana rubuta muhawarar majalisar dokoki don ya samu na abinci. Daga baya ya ajiye shari'a ya kama harsuna, har ma Faransanci ne babban fanninsa a digirin da ya samu a 1887. A 1893 aka naɗa shi farfesan Ingilishi, ya riƙe kujerar har 1925.

To, abin da ya dame shi shi ne yadda ake koyar da yara baƙon harshe: haddar ƙa'idoji, baki kuwa shiru. Shi a ganinsa kunne da baki ne farko, yaro ya ji, ya faɗa, sannan ƙa'ida ta biyo baya. Duk wanda ya sha haddar Faransanci a lakkol ya san zancen.

Babban aikinsa nahawun Ingilishi ne mai juzu'i 7, wanda ya fara fitowa a 1909. Ya rasu a 1943, wani abokin aikinsa ya ƙarasa juzu'in ƙarshe, ya fito a 1949.