Jacob Riis, baƙon da ya haska ɗakunan baƙi a New York

Duk wanda ya bar gida ya sauka Agege ko Sabon Ibadan ya san yadda mutum goma ke kwana a ɗaki ɗaya. Ina da ƙanne daga Tungan Magajiya da ke irin wannan kwanan har yau, shi ya sa tarihin Jacob Riis ya tsaya mini a rai.

An haife shi a garin Ribe na ƙasar Denmak a 1849. Kafinta ne. A 1870 ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka neman kuɗi, kuɗin kuwa suka ƙi samuwa. Ya kwana a titi, ya kwana a ɗakunan da 'yan sandan New York ke tara marasa galihu da dare. A 1877 ya samu aikin jarida, yana kawo labaran 'yan sanda daga unguwannin da baƙi 'yan Italiya da Yahudawa ke cunkushe.

Ya yi ta rubutu, masu kuɗi ba su kula ba. Sai a 1887 aka ƙirƙiro a Jamus wata hoda mai walƙiya da ke sa a ɗauki hoto cikin duhu. Riis ya riƙa shiga gidajen haya da tsakar dare yana kunna ta. Akwai hoton da ya ɗauka a titin Bayard: mutum 12 a ɗan ƙaramin ɗaki, kowa ya biya kwabo biyar na Amurka don wurin kwanciya. A 1890 ya fitar da littafinsa How the Other Half Lives, wato yadda sauran rabin jama'a ke rayuwa. Gari ya ɗauka. Theodore Roosevelt, da ya zama shugaban hukumar 'yan sandan birnin a 1895, ya bi shi yawon dare, ya rufe waɗancan ɗakunan kwanan. A 1901 aka yi dokar da ta tilasta tagogi da banɗaki a gidajen haya.

Amma fa ni ban ɗauke shi waliyyi ba. Yana afka wa mutane suna barci, ba sallama, ba neman izini. A rubutunsa kuma ya zagi ƙabilun da yake cewa yana tausaya wa. Sannan unguwar Mulberry Bend da ya fi ɗauka, rushe ta aka yi, aka buɗe filin shaƙatawa a wurin a 1897. Mazauna wurin kowa ya kama gabansa. Wanda ya ga abin da ya faru da Maroko a Legas a 1990 ya san wannan labarin. Yanzu ma idan an zo da kyamara unguwarmu, tambayata ta farko ita ce wa za a kai wa hoton.

Riis ya rasu ranar 26 ga Mayu, 1914, a gonarsa da ke Massachusetts.