Shaihu Sa'idu na Firan: Malamin Da Ya Ja Daga Da Ankara

A wannan mako za mu leƙa gabashin ƙasar Turkiyya, inda Kurdawa ke zaune a cikin duwatsu, don mu ba da tarihin wani malami wanda shekara ɗari bayan rasuwarsa ba a daina gardama a kansa ba.

An haifi Shaihu Sa'idu wajen shekarar 1865, a zuriyar malaman garin Falu. Gidansu gidan ɗariƙar Naƙshabandiyya ne, reshen Maulana Halid, wani shaihin Kurdawa da ya rasu a Dimashƙa a 1827. Ita wannan ɗariƙa ba ta yaɗu a ƙasarmu kamar Ƙadiriyya da Tijjaniyya ba, amma a can shaihinta shi ne malami, shi ne mai sasanta kabilu in jini ya zuba. Shaihu ya zauna a Hinis yana karantarwa, kuma mai dukiya ne, ana kora garkunan tumakinsa har kasuwar Halab.

A zamanin Daular Usmaniyya, igiyar da ta ɗaure Bakurde da Baturke ita ce Musulunci da biyayya ga Halifa. Da sunan wannan 'yan'uwantaka ne Kurdawa da yawa suka taya Mustafa Kamal yaƙin korar sojan ƙasashen waje. Amma da aka ƙulla yarjejeniyar Lozan a 1923, ko sunan Kurdawa ba a ambata ba. Sa'an nan ran 3 ga watan Maris 1924 majalisar Ankara ta soke halifanci, aka rufe makarantun addini, ba da jimawa ba kotunan shari'a suka bi baya. A ganin Shaihu, wanda ya tsinke igiya da hannunsa ba shi da ikon neman biyayya.

Akwai kuma wata ƙungiyar asiri mai suna Azadi, watau 'Yanci, ta hafsoshin Kurdawa masu neman ƙasa tasu. Jagoranta Halid Beg surukin Shaihu ne. Hafsoshin nan sun san talakan dutse ba zai ɗauki bindiga don maganarsu ba, sai don maganar shaihinsa. Da Gwamnati ta kama Halid Beg a ƙarshen 1924, sai kaya ya koma kan malami.

Wuta ta tashi tun ba a gama shiri ba. Ran 13 ga Fabrairu 1925 Shaihu na ƙauyen Firan wajen ƙanensa Abdurrahim, sai jandarmomi suka zo kama waɗansu mutane, aka yi harbe-harbe. Cikin 'yan makonni mayaƙansa, galibinsu masu harshen Zaza, suka ci Darahini da Elazig, suka tasam ma Diyarbakir a farkon Maris. Ganuwar birnin ta baƙin dutse da igwa suka tare su. Daga nan al'amari ya juya. Ismat Fasha ya karɓi Gwamnati, aka kafa dokar ta-ɓaci ran 4 ga Maris, Faransa kuwa ta yarda aka wuce da soja ta hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Sham.

Wajibi ne a faɗi cewa ba dukan Kurdawa suka bi shi ba. Kabilun Hormek da Lolan, mabiya tafarkin Alawiyya, sun yaƙe shi, don ba su ga abin da komowar halifanci zai amfane su da shi ba. Manyan kabilu da dama sun naɗe hannu, wasoson da aka yi a Elazig kuma ya sa mutanen gari suka juya wa mayaƙan baya. Gwamnati ta zargi Ingila da hura wutar saboda rigimar Mosul, amma ba a kafa hujja a kan haka ba.

An kama Shaihu a tsakiyar Afrilu kusa da Warto, da hannun wani surukinsa, Manjo Ƙasim. Kotu ta musamman ta yanke hukunci, aka rataye shi a Diyarbakir ran 29 ga Yuni 1925 tare da mutum 46. Allah ya gafarta musu. Kafin shekara ta ƙare an rufe dukan zawiyoyin ƙasar.

Shin don addini ya tashi, ko don ƙasar Kurdawa? A gaban alƙalai shari'a ya ambata, kotu kuwa laifin neman ɓalle ƙasa ta ɗora masa. Mu dai a namu ganin, ba a iya raba biyun a zuciyar mutum irinsa. Waɗanda suka biyo baya ne suka raba su. An yi tawayen Dutsen Ararat wanda aka murƙushe a 1930, da na Darsim a 1937 zuwa 1938, kana a 1984 ƙungiyar PKK ta Abdullahi Ojalan, mai aƙidar gurguzu, wadda ba ruwanta da zawiya, ta fara yaƙin da ya ci rai fiye da 40,000 kafin ta ba da sanarwar rushe kanta a watan Mayu 2025.

Kabarin Shaihu kuwa, hukuma ba ta nuna wa iyalinsa inda yake ba, ko da yake jikokinsa sun sha nema.