Sir Arthur Evans Da Sunan Kanosos

A cikin Bahar Rum, kudu da ƙasar Yunan, akwai wani tsibiri wai shi Karita, can ne kufan birnin Kanosos ya ke. Wanda ya tono fadar birnin nan shi ne Arthur Evans, mutumin Ingila. An haife shi a 1851. Ubansa attajiri ne, mai ma'aikatar takarda, mai son tara tsofaffin kuɗi da kayan mutanen dā, ɗan kuwa ya gado shi. Da ya ƙare karatu sai ya tafi ƙasashen Balkan yana aika wa jaridar Manchester Guardian da labarai, har hukumar Ostiriya ta kama shi a 1882, ta kore shi. A 1884 aka ba shi riƙon Ashmolean, gidan ajiye kayan tarihi na Okusfod.

Shi Evans ba ya gani nesa, amma in ya kawo ƙaramin abu kusa da ido, ba abin da ke kuɓuce masa. Da haka ya lura da waɗansu 'yan duwatsun hatimi na Karita, ya ga zanen da ke bisansu kamar rubutu. A 1894 ya je tsibirin, ya tarar mata masu goyo suna rataya su a wuya, wai maganin ruwan nono. Ya sayi tudun Kefala, inda wani ɗan ƙasa, Minos Kalokairinos, ya taɓa haƙo manyan randuna a 1878. Cikin watan Maris 1900 ya soma haƙa. Ba a daɗe ba sai ga karagar dutse, ga kuma allunan yumɓu masu rubutu, waɗanda gobara ta gasa, shi ya sa ba su narke ba.

Yunanawa suna da tatsuniyar wani sarki Minos na Kanosos, mai gida mai lunguna da ake kira Labirinto, wanda in mutum ya shiga ba ya gane hanyar fita. Evans ya ɗauki sunan sarkin nan ya laƙaba wa fadar da mutanenta duka, har yau kuwa da shi ake kiransu. Ya kuma bi masu cewa Labirinto gidan gatari mai baki biyu ke nan, don an sassaƙa siffar gatarin a duwatsun fadar, amma malamai da yawa ba su yarda ba. A ganinmu ya cika gaggawar raɗa suna, kamar yadda ya yi gaggawar sāke gina waɗansu ɗakuna da siminti.

Sunan Kanosos kuwa ba raɗinsa ba ne, ba ma na Yunanawa ba. Ƙarshensa iri ɗaya ne da na Tilisos da Aminisos, garuruwan Karita, da na dutsen Farnasos, malamai kuwa sun ce sunaye masu wannan ƙarshe daga harshen mutanen da suka riga Yunanawa zama a ƙasar su ke. Harshen ya mutu da ma'anar sunan, sunan ya wanzu. Masarawa ma sun san shi, gama yana cikin garuruwan da aka rubuta a gindin wani gunkin Fir'auna Amenhotep na uku, fiye da shekara 1,300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Evans ya shekara arba'in yana duban allunan nan bai iya karanta su ba, ya kuma dage cewa harshensu ba Yunananci ba ne. An ba shi sarautar Sir a 1911, ya wallafa babban littafinsa na fadar daga 1921 zuwa 1935. Ya rasu a 1941 yana da shekara 90, bayan Jamus ta ci Karita da 'yan makonni.

A 1936 wani yaro, Michael Ventris, ya ji bayanin allunan daga bakin Evans a Landan. A 1952 shi ne ya warware rubutun, sunayen garuruwa kuwa su suka buɗe masa ƙofa. Ya ga alamu uku suna ta maimaituwa a allunan Kanosos, ya gwada karanta su ko-no-so, sai ya dace. Harshen ashe tsohon Yunananci ne, abin da ke ciki kuwa lissafin tumaki ne da hatsi da mai da karusai. Akwai wani rubutu wanda ya girme wannan, na mutanen Minos kansu, shi har yanzu ba wanda ya gane harshensa.