Frank Zamboni: mai sayar da ƙanƙara da ya sauya harkar wasan zamiya a duniya

Duk inda masu filayen wasan zamiya a kan ƙanƙara suka haɗu domin taron shekara da baje kolin kayan aikinsu a Amurka, akwai wata na'ura mai kama da ƙaramar mota wadda ba a rasa ta a wurin, aikinta kuwa shi ne gyara fuskar ƙanƙara bayan takalma masu kaifi sun kakkarce ta. Kamfanoni da dama na ƙera irinta a yau, amma jama'a na kiran su duka da suna ɗaya, wato Zamboni, sunan mutumin da ya fara ƙera ta bayan sana'arsa ta asali ta kama hanyar mutuwa.

An haifi Frank Joseph Zamboni a ranar 16 ga Janairu, 1901, a garin Eureka na jihar Utah. Iyayensa baƙi ne da suka yi ƙaura daga Italiya, ya kuma tashi a gonarsu da ke jihar Idaho. Karatunsa na boko bai yi nisa ba, domin tun yana matashi ya bar makaranta ya kama aikin gona da gyaran injuna. A shekarar 1920 iyalin suka koma yankin Los Angeles a jihar Kalifoniya. Daga nan Frank ya je Shikago ya koyi aikin lantarki, da ya dawo kuma shi da ƙanensa Lawrence suka buɗe shagon wannan sana'a a garin da a yau ake kira Paramount. A 1923 ya auri Norda, suka haifi 'ya'ya uku.

A 1927 'yan'uwan biyu suka kafa masana'antar ƙanƙara, suna sayar da manyan dunƙule ga masu safarar kayan lambu a jiragen ƙasa. Ciniki ya yi albarka na wasu shekaru, sai dai yayin da firiji mai aiki da lantarki ke yaɗuwa, buƙatar dunƙulen ƙanƙara ta riƙa raguwa. A 1939 suka sayar da wannan ɓangare na kasuwancin, amma suka riƙe injunan sanyaya ruwa da ilimin sarrafa su. Da waɗannan ne, tare da wani ɗan'uwansu, suka buɗe filin zamiya mai suna Iceland a farkon 1940, mai tsawon ƙafa 200 da faɗin ƙafa 100, wanda ke ɗaukar mutum kusan 800 a lokaci guda.

Filin ya samu karɓuwa, amma ya zo da tasa matsalar. Bayan ɗaruruwan mutane sun yi zamiya, fuskar ƙanƙarar kan cika da ramuka da gari. Gyaran ta a wancan zamani sai an ja abin kankara da tarakta, ma'aikata uku ko huɗu su kwashe garin da shebur, su fesa ruwa da mesa, su share, sannan a jira ya daskare. Wannan kan ci fiye da awa guda, alhali waɗanda suka biya kuɗin shiga suna zaune a gefe. Kowane minti na jiran asara ce ga mai fili.

Zamboni ya fara neman mafita a 1942, kuma gwaje-gwajensa na farko ba su yi nasara ba. Ya ci gaba da sake fasali yana amfani da rarar kayan soja da aka yi gwanjonsu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har zuwa 1949 da ya kammala na'urar da ya kira Model A. Wuƙa mai faɗi ce ke aske saman ƙanƙarar, a ɗaga garin zuwa cikin wani akwati, a wanke dattin da ya maƙale, sannan a shimfiɗa siririn ruwa wanda zai daskare sumul. Mutum ɗaya kan gama aikin cikin kimanin minti 15. A 1953 gwamnatin Amurka ta ba shi takardar haƙƙin mallakar wannan ƙirƙira.

Da farko don amfanin filinsa kawai ya yi na'urar. A 1950 Sonja Henie, 'yar ƙasar Norwe wadda ta ci zinare sau uku a gasar Olamfik, ta zo atisaye a Iceland, ta ga na'urar tana aiki, ta nemi a ƙera mata. Yadda ta riƙa yawo da ita garuruwan da take nuna wasa ya zama talla ga masu filaye. A 1954 ƙungiyar wasan hokin ƙanƙara ta Boston Bruins ta fara amfani da ita, a 1960 kuma aka yi aiki da na'urorin a gasar Olamfik ta lokacin hunturu a Squaw Valley. Ya so ya sa wa kamfaninsa sunan garin Paramount, sai ya tarar wani ya riga shi, dalilin da ya sa ya yi amfani da sunan gidansu ke nan. Daga baya kamfanin ya buɗe wata masana'anta a Brantford ta ƙasar Kanada.

Yana cikin mambobin farko na ƙungiyar masu filayen zamiya ta Ice Skating Institute, wadda ta riƙa shirya taro da baje koli ga 'yan wannan harka, kuma a 1965 ta sanya shi cikin jerin gwarazanta. A 1988 Jami'ar Clarkson ta ba shi digirin girmamawa a fannin injiniya. Ya rasu a ranar 27 ga Yuli na wannan shekara a Long Beach, watanni biyu bayan rasuwar matarsa, yana da shekaru 87. A 2007 aka shigar da sunansa cikin jerin manyan masu ƙirƙira na Amurka, a 2012 kuma kamfanin ya miƙa na'urarsa ta 10,000 ga ƙungiyar Montreal Canadiens.