Muhammadu Ali ɗan Barka Gana, Mutumin Kukawa, Sojan Amurka

A zamanin Shehu Laminu na Barno akwai wani babban kacalla wanda a ke kira Barka Gana. Bawan Shehu ne, amma shi ke gaban mayaƙansa, manyan 'ya'ya kuwa na saukar masa da kai. Cikin 1823, da Baturen Ingila Manjo Denham ya zo Kukawa, Barka Gana ne ya ja rundunar da ta tafi da shi ƙasar Mandara, tare da Larabawan Bu Kalum waɗanda suka matsa sai an je kamun bayi. Suka fāɗa wa garin Fulani na Musfeya, aka kore su mummunar kora, kibiya mai dafi ta kashe Bu Kalum, Baturen ya tsira da kyar.

Wannan kacalla shi ne ya haifi Muhammadu Ali, a Kukawa, wajen 1836. Uwarsa 'yar wani sarki ce na Mandara, 'ya'yanta goma sha tara, shi ne na goma sha uku. Yana ƙarami ubansa ya rasu. Aka sa shi makarantar allo, ya sami Larabci. Bai fi shekara goma sha huɗu ba ya fita farauta da yara 'yan'uwansa, Buzaye mahara suka auka musu, suka ɗaure su. Ɗan mai kamun bayi ga shi cikin igiya. Aka sayar da shi ga wani Balarabe, aka ƙetare hamada da shi a ƙasa har Murzuk, daga nan sai Tarabulus.

Daga nan ya yi ta sāke hannu. Wani mai sayar da taba ya tafi da shi har Makka. Bayan wannan ya faɗa Istambul, gidan Fu'ad Basha, cikin 1853 kuma ya koma hannun Menshikof, jakadan Sarkin Rasha, wanda ya tafi da shi ƙasarsu. A can ya zama baran wani ɗan sarauta, Nikolas Turubeskoi. Cikin 1855, a birnin Riga, maigidan nan ya sa aka shigar da shi addinin Masihu, aka ba shi sunansa. Shi ya sa littattafan Turawa suka san shi da Nikolas Sa'id. Ya zaga ƙasashen Turai da maigidansa, kunnensa kuwa ba ya barin harshe ya wuce: ban da Barbarci da Larabci, ya ji Turkanci da Rashanci da Jamusanci da Italiyanci da Faransanci, daga baya ya ƙara da Ingilishi.

Nufinsa ya koma Barno. Sai wani mutumin Holan ya ɗauke shi aiki, suka haye teku cikin 1860, suka yi yawo har Haiti da Kanada, inda mutumin ya ranci kuɗinsa ya gudu ya bar shi. Ya gangara birnin Ditroit yana koyarwa.

Cikin 1861 yaƙin basasa ya tashi a Amurka tsakanin Arewa da Kudu, tushensa kuwa maganar bauta. Ran 1 ga Janairu 1863 Shugaba Linkon ya yi shelar 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye, aka buɗe wa baƙar fata ƙofar aikin soja. A shekaran nan Muhammadu Ali ya shiga runduna ta 55 ta Masacusets, ya kai muƙamin saje. Ba wanda ya tilasta shi, ba ƙasarsa ba ce, ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya cikin bayin da a ke yaƙin dominsu.

Akwai wani al'amari na wannan runduna wanda duk mai cin albashi zai gane nauyinsa. Farin soja dala 13 a ke ba shi a wata, baƙi kuwa aka yanka masa dala 10, a cire 3 kuɗin tufafi. Mutanen runduna ta 55 suka ƙi karɓar ko anini. Hukumar Masacusets ta ce za ta cika musu ragowar daga baitulmalinta, nan ma suka ƙi, don ba kuɗin ne ya dame su ba, a daidaita su da sauran soja su ke nema. Suka yi fiye da shekara suna aiki ba albashi, iyalansu na cikin wahala, har aka daidaita cikin 1864. Rundunar ta yi gumurzu a Tsibirin James da kuma Honey Hill, cikin Karolina ta Kudu. Shi kuwa daga baya ya nemi a sauke shi daga saje, ya koma aikin asibitin soja. Aka sallame shi cikin 1865, shekarar da aka hana bauta a Amurka duka.

Bai koma Arewa ba. Ya zauna a Kudu, cikin 'yantattun bayi manoman auduga, yana buɗe wa 'ya'yansu makarantu a Karolina ta Kudu da Jojiya da Alabama, a lokacin da malamin baƙar fata ke kwana da ido ɗaya buɗe. Cikin 1873 ya buga tarihin rayuwarsa a birnin Memfis. Ya faɗi labarin ubansa, da Kukawa, da hamada, da fadojin Turai, amma aikin sojansa bai ambace shi ba ko da kalma ɗaya, gama Turawan Kudu waɗanda aka ci da yaƙi su ne masu sayen littafin, kuma a cikinsu ya ke zaune.  Rasuwarsa, yadda aka rubuta ta, a garin Brownsville ne na jihar Tenesi, cikin 1882. Bai sāke ganin Kukawa ba.